Ajiyar Hajiya Tabawa

Na fi shekara ina jujjuya wannan rubutu a raina kafin in ɗauki biro, kuma sau uku ina farawa ina yagewa. Na ji tsoron kada in faɗi wani abu game da kotu wanda ba daidai ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi ya cutu, alhali ni iyakar karatuna firamare. Akwai kuma kunya, domin ba wanda yake son a san an rubuta sunansa cikin waɗanda suka kasa biyan bashi. Abin da ya rinjaye ni shi ne akwai kuɗin wata baiwar Allah a wuyana, ana ce mata Hajiya Tabawa, kuma na rasa inda take. Duk abin da zan faɗa can ya nufa. Amma ba za a gane yadda kuɗinta ya shigo hannuna ba sai an san sana'ar tukuna.

Sunana Isuhu, mutumin Kano, sana'ata ɗaurin kaya a Naif, cikin Dubai. Na zo a 2016 da bizar wani ƙaramin kamfanin kago, wato na jigilar kaya. 'Yan kasuwa suna zuwa daga gida su sayi takalma, jakunkuna, abaya da mayafai, su kawo mana, mu ɗaure, mu auna, mu tura ta jirgin sama ko ta kwantena. Samarin da suke zuwa yanzu sukan ce ai wannan ba aiki ba ne, kwali ne da salatif. Ni ma haka na ce ranar da na zo.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai sikeli, akwai salatif mai faɗi, wuƙar yankan kwali, alƙalamin rubutu a kwali da muke ce wa maka, baƙa da ja, basilla da zaren ɗinke buhu, igiyar roba da abin matse ta, sai kura ta tura kaya, domin lungunan Naif mota ba ta shiga yawancinsu. A cikinsu sikeli na fi tsoro. Kowace safiya nakan ɗora masa robar ruwa mai lita biyar in ga ko zai nuna kilo biyar. In ya nuna, in sauke in sake ɗorawa. Abokan aiki sun sha yi mini dariya a kan haka, amma rabin kilo a kan kwali ɗari haƙƙin mutane ne mai yawa.

Wanda ya koya mini aikin Malam Garba ne, mutumin Maraɗi, wanda ya fi shekara ashirin a kasuwar. Aikin farko da ya bar ni na ɗaure ni kaɗai na wani Alhaji ne, fararen mayafai dozin talatin da kwalaben turaren mai. Na jera mayafan a ƙasa, na ɗora kwalaben a sama don kada nauyi ya fasa su, na rufe, na zagaye da salatif, na matse igiya. Kwalin ya fito sumul. Malam Garba ya zo ya tsaya a kansa.

"Bakano, buɗe."

"Malam, ai na gama, har na sa igiya."

"Na ga ka gama. Buɗe."

Na yanke igiyar ina jin haushi. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya juya ta, sai ga mai yana tsattsafowa ta wuyan murfin.

"Wannan kwali zai yi wata biyu cikin kwantena," in ji shi. "Zafi na dafa shi, teku na jijjiga shi. A Legas za a jefo shi ƙasa, a Kano wani zai zauna a kansa ya ci tuwo. Kai Naif kake ɗaure wa, ni hanya nake ɗaure wa. Mai ba ya kwana ɗaki ɗaya da farin yadi. Sake."

Daga nan na fara koyo da gaske. Kayan jirgin sama da kilo ake biya, don haka a cire duk kwalin da ba dole ba. Kayan kwantena da wuri ake biya, don haka a matse har iska ta rasa wurin zama. Takalmi a haɗa shi dunduniya da baki. Ƙaramar jaka ta shiga cikin babba, babba ta shiga cikin wadda ta fi ta. Kada kwali ya fi ƙarfin mutum ɗaya, domin ɗan dakon da zai ɗauka a Kano in ya ji ya yi masa nauyi, mirgina shi zai yi. Na yi wata takwas kafin Malam Garba ya daina buɗe ɗaurina.

Akwai abu biyu a wannan sana'a da ba a rubuta su ko'ina ba, kuma su ne tushen labarina. Na farko alama. Ba mu san mutane da cikakken suna ba, da alamar kwali muka san su. Wani haruffa biyu da sunan gari, wani lamba. Waɗanda ba sa karatu, musamman iyayenmu mata, zane suke zaɓa, wanda za su gane daga nesa a sito. Mata kuma sukan zo ƙungiya, a tura kayansu duka da sunan jagorar tafiya, kowace ta ɗauki nata da alama. Sai ka yi shekara huɗu kana wa mutum aiki, abin da ka sani nasa kawai alama, lambar waya, da sunan da ake kiransa.

Na biyu ajiya. Ɗan kasuwa in zai koma, ya rage dirhami a hannunsa, ko ya sayi kaya ba su iso ba, sai ya bar kuɗin wajen mai ɗaurinsa. Ba takarda, ba shaida. In ka ce a rubuta ma sai a ji kamar ka zagi mutum. Malam Garba yakan sa kuɗin kowa cikin ambulan dabam, ya zana alamar mai shi a baya, ya kulle a akwatin ƙarfe na shago. Da ya tsufa ya koma gida a 2019, ya bar mini mutanensa, Hajiya Tabawa na cikinsu.

Takalman yara take saya, sau uku a shekara. Ba ta karanta lamba, sai ta zo da wata igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli tsawon ƙafar yaro ne na wasu shekaru, ta riƙa gwada takalmi da ita. Ba ta taɓa kuskuren girma ba. In ina ƙirga mata kaya sau biyu sai ta zauna kan kwali tana kallona.

"Isuhu ɗana, wannan ƙirga taka sai jirgi ya tashi ya bar ni."

"Hajiya, saura dozin huɗu."

"Ai ka ƙirga su ɗazu."

"Na ƙirga, amma lokacin kina yi mini magana."

"To na yi shiru. Allah Ya ba matarka haƙuri."

Kafin in kai ga shekarar wahala dole in faɗi nawa laifin. A 2018 aka ɗora ni kan sikeli da kula da masu ɗauri, albashina ya ƙaru har ya kai abin da banki yake ba mutum rance a kansa. Wakilansu har shago suke biyo mu. Ina da fili a bayan gari a Kano, ina son in yi wa iyalina ɗaki biyu su fita daga haya. Na tambayi malamai uku a kan irin rancen kafin in karɓa, amma ban sami ko mutum ɗaya ya karanta mini takardun ba. Na sa hannu a wurare da yawa, har da cek wanda ba a rubuta adadi a kansa ba, suka ce na jingina ne. Suka haɗa mini da katin bashi wanda ban roƙa ba, ban kuma ƙi ba. Kusan shekara biyu ana cire kason wata daga albashina, ban taɓa latti ba.

Zuwan Hajiya na ƙarshe a farkon 2020 ne. Ta yi cinikin takalman makaranta wajen wani dila, ya ce kayan sun makale a hanya, sai nan da mako uku. Ba za ta iya jira ba. Ta zo shago ta kwance lalitarta ta ƙirgo mini kuɗin.

"In sun iso ka biya, ka ɗaure, ka turo."

"Hajiya, bari in rubuta miki 'yar takarda."

"In kai ta ina? In ba wa ya karanta mini? Shekara nawa ina ba Garba, ka taɓa ganin takarda? Riƙe, ɗan nan, kada ka ɓata mini rai."

Na riƙe. A lokacin kamfani ya hana ajiye kuɗin da ba nasa ba a akwatin shago. Ɗakin da nake kwana kuwa mu goma ne, gadaje masu hawa biyu, kowa kuɗin gadonsa yake biya, kuma an taɓa ɗauke wa wani kuɗi a ciki. Na yi kwana biyu ina yawo da kuɗin a jikina, ina taɓa aljihu kowane minti. Rana ta uku na je na zuba su a asusuna na banki, wanda albashina yake shiga, na ce yanzu hankalina ya kwanta. Ku samari, in ba ku ɗauki komai a rubutun nan ba ku ɗauki wannan. Kuɗin da ya shiga asusunka, a idon banki da kotu naka ne, ko na marayu ne.

Takalman ba su iso ba, annoba ce ta iso. Jirage suka tsaya, aka rufe unguwar Naif makonni, ba shiga ba fita. Da aka buɗe, lungunan da kura ba ta samun hanya sai ka hango ƙarshensu. A watan Afrilu Hajiya ta kira, na ce mata kaya ba su zo ba, ta ce in riƙe kuɗin har Allah Ya kawo sauƙi. Aka rage mana albashi zuwa rabi, sannan aka ba mu hutu ba biya. A watan Yuni mai kamfanin ya rufe, ya biya mu kuɗin sallama ta banki, ya koma ƙasarsu.

Na je na'urar banki in ciri kuɗin hayar gado, ta dawo mini da kati. Na shiga ciki, ma'aikacin ya duba ya ce an riƙe asusun. Ya bayyana mini cewa da zarar kamfani ya nuna wannan ne biyan ƙarshe, banki yana da ikon ɗaukar abin da ke ciki ya rage bashi, kuma ya nuna mini inda na sa hannu a kan haka. Na ce masa akwai kuɗin da ba nawa ba a ciki. Ya ce in kawo takarda. Ba zan ce sun zalunce ni ba, abin da na sa wa hannu suka bi. Kuɗin sallamata, ɗan abin da na tara, da ajiyar Hajiya, duk suka tafi rana ɗaya, kuma bashin bai kai rabin biyuwa ba.

Wanda bai zauna a nan ba aiki ba, ba zai gane ba. A gida in aiki ya ƙare kana da dangi, kana da inda za ka raɓa. A nan bizarka ta kamfani ce, in ya rufe ta mutu. An ɗaga wa mutane lokaci saboda annoba, shi ya taimake ni. Amma da na kasa biyan kason wata uku, aka kai cek ɗin nan banki ya dawo ba kuɗi, aka buɗe mini ƙara, aka sa mini takunkumin fita. Ba ni da izinin yin aiki, ba ni da izinin tafiya gida, kuma kowane wata tara tana hawa kan bashin kati. Waya kuwa daga safe zuwa yamma masu karɓar bashi ne.

A cikin wannan hali Hajiya ta kira ni a watan Yuli. Na ɗauka, muka gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Ajiyata dai tana nan ko?" Na ce, "Hajiya, kada ki damu." Ban ce tana nan ba, ban kuma ce ba ta nan ba, na san dai abin da ta fahimta. Bayan haka ta sake kira sau biyu, ina kallon wayar har ta katse. Niyyata in haɗa kuɗin tukuna, in kira ta da magana mai daɗi. Da na ga ba su da ranar haɗuwa, a watan Satumba na yi ƙarfin hali na kira don in faɗa mata gaskiya. Layin a kashe. Har yau a kashe yake.

Wanda ya riƙe ni a watannin nan Yohanna ne, Kirista daga kudancin Kaduna, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Gadonsa ne a saman nawa, shi ya sa nake ce masa Na Sama, yana ce mini Na Ƙasa. Aikinsa bai tsaya ba, domin a garin nan ko duniya za ta tashi sai an gyara sanyi. Ya biya mini gado wata biyu, in ya dafa shinkafa ya dafa da ni. Shi ne ya zo mini da labarin cewa akwai sabuwar doka ta mutumin da bashi ya fi ƙarfinsa, wanda ba mai kamfani ba, ya kai kansa kotu a tsara masa biya.

"In kai kaina kotu? Na Sama, mutane gudun kotu suke yi."

"Kai ina za ka gudu? Filin jirgi ma ba za su bar ka ka wuce ba. Yalla, tashi mu je a buga takardun. Kai da kake ƙirga ƙwayar shinkafa, yau ga inda ƙirgarka za ta yi amfani."

Shigar da takardun ma kuɗi ne, har da na fassara su zuwa Larabci da na ajiya don ladan wanda zai duba lamarin. Yohanna da mutanen ɗaki suka yi mini karo-karo. Ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki maganata a matsayin doka. Abin da ya faru da ni nake faɗa, na wani yana iya bambanta.

Kotu ta naɗa wani masanin lissafi, ana ce masa habir, dattijo ɗan Sudan mai haƙuri. Daga ranar da aka karɓi takarduna wayoyin masu karɓar bashi suka tsaya, kowa aka ce ya kai abin da yake bi wajensa. Ya zaunar da ni da tafinta, ya ja layi uku a takarda: abin da ke shigowa, abin da ke fita, abin da ake bi na.

"Me ke shigo maka a wata?"

"Babu."

"Ko kaɗan?"

"Ranar Juma'a wani ya ba ni dirhami ashirin a masallaci. In rubuta?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce a'a, wannan in ci abinci da shi. Sannan ya bayyana mini cewa tsarin biya kashi-kashi yana bukatar abin da ke shigowa. Mutumin da ba ya samun komai, abin da ya mallaka ake dubawa. Ya tambaye ni ko ina da wani abu a ko'ina. Wasu sun ce mini kada in ambaci ginin Kano, wa zai je ya gani? Na ambata. Yayana ya sayar da shi yadda yake, an kai linta ba a yi rufi ba. Da aka canza nairar zuwa dirhami sai kuɗin ya zama kamar an wanke shi ya tsuke. Aka raba wa masu bi na gwargwadon abin da kowa yake bi, ba wanda aka fifita.

Da muka zo layi na uku na lissafa banki, kati, mai ɗaki, da Yohanna. Sannan na ce akwai Hajiya Tabawa.

"Cikakken sunanta?"

"Hajiya Tabawa."

"Tabawa wa? Lambar fasfo? Adireshi?"

"Na san alamar kwalinta."

Tafinta ya fassara, habir ya ajiye biro. Ya ce ya yarda da ni, a ƙasarsu ma ana irin wannan amana. Amma ba zai iya sa wa kotu mai bin bashin da ba suna, ba takarda, ba ta kuma zo ta ce tana bi ba. Ya ƙara da gargaɗi, in na sami wani kuɗi na ɓoye don in biya ta a gefe, na ci amanar sauran, kuma tsarin duka yana iya rushewa a kaina. Na fito ofishin nan da bashi huɗu a takarda, na biyar wanda ya fi damuna ba ya ciki.

A farkon 2021 wani kamfanin kago a nan Naif ya ɗauke ni, ya yi mini biza, na koma ɗauri da hannuna kamar shekarar da na zo. Albashin dirhami dubu biyu da ɗari huɗu. Habir ya zauna ya yanka shi. Gado ɗari biyar da hamsin. Abinci ɗari huɗu da hamsin. Mota da waya ɗari da hamsin. Iyalina a gida ɗari biyar, wanda bai kai rabin abin da nake tura musu da ba, sai da matata ta fara sayar da ƙosai, babban ɗana ya koma makarantar gwamnati. Sauran ɗari bakwai da hamsin na masu bashi ne, kowane wata, shekara uku. Ba ni da ikon cin sabon bashi, ba kati, kuma in albashi ya ƙaru ko aiki ya sake tsayawa dole in sanar cikin gaggawa a sake lissafi. Tukuicin da 'yan kasuwa suke ba ni ma ina rubuta shi a littafi in nuna masa, har ya ce ban da ni ba wanda yake kawo masa lissafin dirhami biyar.

Wata rana na tambaye shi, in na rage cin abinci na tara abin da ya ragu, na wane ne? Ya ce abin da aka bar mini na ci nawa ne, in na ga dama in ci, in na ga dama in yi azumi. Na sake tambayar wani malami, ya ce haka ne, muddin ban cutar da jikina har na kasa aiki ba. Daga nan na fara tara wa Hajiya. Na daina shayin kanti. Na koma gurasa da wake da rana. Inda ƙafa za ta kai ni ba na hawa mota, in aiki ya kai ni Bur Dubai, tsallaken ruwa, in hau kwalekwalen abra da dirhami ɗaya in ƙarasa da ƙafa. Wani watan in tara ɗari da hamsin, wani watan ɗari biyu, watan da na yi zazzaɓi ban tara komai ba.

Kuɗin ba ya asusuna, ba ya kuma aljihuna. Yana wajen Yohanna, da takarda, da sa hannun shaidu biyu, kowane wata a ƙara layi. Ranar farko da na kawo takardar ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Na Ƙasa, ni da na ciyar da kai wata shida, yau ni kake kawo wa shaidu?"

"Ba don kai ba ne. In na mutu, ko ka mutu, a san na wace ce."

"To Allah Ya sa kai za ka riga ni, in huta da jin labarin gwajin sikelinka na safe." Ya karɓi biro ya sa hannu.

Neman ta kuwa na yi iyakar yina. Na kira Malam Garba a Maraɗi, lambar da nake da ita ita ce yake da ita. Takardun tsohon kamfaninmu sun tafi da mai shi, kuma ko suna nan sunan jagorar tafiya ne a kansu. Na aika yayana siton da ake sauke kayanmu a Kano, suka ce sun san alamar, direba ne yake zuwa ɗauka, kuma tun kafin annoba ba su sake ganinsa ba. Bana jirage tsakanin gida da nan sun yi ta tsayawa, matan da suke zuwa ba su da yawa, amma duk wadda ta shigo shago sai na tambaye ta. Wata ta ba ni lambar wata Tabawa. Na kira, na fara bayani, ban kai ƙarshe ba ta ce, "Eh, ni ce, nawa ne?" Muryar ba ita ba ce. Na ce ta faɗa mini alamar kwalinta. Ta kashe wayar.

Yanzu muna ƙarshen 2021. Kuɗin bai cika ba, na haɗa wajen kashi biyu cikin uku. Raina ya so in bari sai ya cika sannan in yi cigiya, sai na tuna jiran cikar ne ya sa na ƙi ɗaukar wayarta har na rasa ta. Ba zan sake wannan ba. Ko da rabi ne a hannuna, gara ta san inda kuɗinta ya shiga daga bakina.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan. Dattijuwa ce, za ta kai sittin ko ta ɗan haura, gajeriya, mai sayar da takalman yara. Na sha jin tana ambaton kasuwar Funtuwa da ta Gusau, amma ban san wanne ne garinta ba, kuma ta taɓa cewa tana da 'ya da ke aure a Zariya. In tana raye, a gaya mata Isuhu na Garba mai ɗauri yana nemanta, kuma ajiyarta ba ta nan lokacin da ya ce kada ta damu. In ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, ina neman magadanta. Duk wanda ke zuwa Naif, ya tambayi masu ɗaurin kaya Hausawa, za a nuna masa ni, ba inda zan je sai na gama shekarun nan uku.

Da gangan ban faɗi adadin kuɗin ba, ban kuma faɗi alamar ba. Wanda ya zo da maganarta, zan miƙa masa alƙalamin maka da kwali ya zana alamar.